Ba Kowane Jirgin Ruwa da Ke Cikin Atisayen Soja Ne Na Soja Ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk jirgin ruwan da aka gani cikin atisayen sojojin ruwa mallakar rundunar ne, kuma duk waɗanda ke cikinsa sojoji ne. Wannan zato ba abin mamaki ba ne, domin daga nesa jiragen suna kama da juna.

Amma gwamnatoci da dama suna hayar jiragen kamfanoni tare da matuƙansu farar hula. Irin waɗannan jirage ne ke jan abin da ake auna harbi a kansa, su kwaso makaman gwaji da aka harba cikin ruwa, su ɗauki masu nutso, wani lokaci ma su tsaya a matsayin jirgin kasuwanci da sojoji ke koyon hawa don bincike. A kwangilar haya ta wa'adi, kamfani ke biyan albashin ma'aikata da kula da jirgin, gwamnati kuma ta biya kuɗin haya na kullum, galibi har da mai. Hikimar a nan, a ganina, ita ce kada a ɗaure jirgin yaƙi mai tsada kan aikin da ƙaramin jirgi zai iya.

Sashe na 29 na yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ya ce jirgin yaƙi sai ya kasance na rundunar ƙasa, yana ɗauke da alamominta, hafsa ke jagorantarsa, ma'aikatansa kuma suna ƙarƙashin ɗa'ar soja. Jirgin haya bai cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Mai son tabbatarwa ya duba sanarwar neman 'yan kwangila da gwamnatoci ke wallafawa, ko ya binciki lambar rajista mai alƙaluma 7 da ke jikin manyan jiragen kasuwanci a intanet. Don Allah a isar da wannan bayani ga sauran jama'a.