Fikof na Wuyan Jitar Lantarki da Zaɓensa don Kiɗan Jaz

Fikof, wato maɗaukin sauti, na'ura ce da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki, tana mayar da girgizarsu 'yar ƙaramar wuta wadda amfilifaya ke ƙarfafawa. Yawancin jitoci suna da biyu ko uku: ɗaya dab da jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, ɗaya kuma a gindin wuya, na ukun in akwai shi a tsakaninsu. Na gindin wuyan shi ne madogarar makaɗan jaz, har akwai jitocin jaz da ba a sa musu kowanne ba sai shi kaɗai. Shi ya sa in muryar jita ba ta gamsar da mai ita ba, shi ne abin da ya fara zuwa masa a rai ya canza.

Yadda yake aiki

Abin da ke cikinsa maganaɗisu ne da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a filin maganaɗisun, sai wuta ta samu a cikin naɗin, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831.

Wurin da aka dasa shi yana da tasiri kamar yadda ƙirarsa take da shi. Kusa da jaki tsirkiya ba ta da sararin lilo, don haka sautin da ake ɗauka a nan siriri ne mai kaifi. A gindin wuya kuwa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonta, lilonta ya fi faɗi, tushen sautin ya fi rinjaye, muryar ta fito da kauri da taushi. Fikof guda in aka ɗauke shi daga jaki aka mai da shi wuya, ƙarfinsa da kaurinsa ƙaruwa suke yi. Saboda haka maƙera sukan rage yawan naɗin wanda aka yi domin wuya.

Tarihi da ire-irensa

George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker a Amurka su ne suka fara fitar da jitar lantarki kasuwa a farkon shekarun 1930. A 1936 kamfanin Gibson ya fito da jitar ES-150, mai fikof guda a wuya da ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe ƙarƙashin tsirkiyoyi shida. Da ita Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya nuna cewa jita za ta iya jan waƙa ita kaɗai a tsakiyar kayan busa. Ya rasu a 1942, amma har yau da sunansa ake kiran wannan fikof ɗin. Barney Kessel ya daɗe yana kiɗa da irinsa.

A 1946 Gibson ya kawo fikof ɗin P-90, mai naɗi ɗaya shimfiɗaɗɗe da maganaɗisu biyu a ƙasa. Shi ne a kan jitar ES-175 lokacin da ta fito a 1949, kuma shi ake ji a kiɗan Grant Green da jitarsa ES-330: murya mai cika, amma da ɗan cizo a bakin kowane sauti. Aibin duk mai naɗi ɗaya shi ne yana kwaso ƙugin wutar gida, mai zagaye 50 ko 60 a daƙiƙa, daga fitilu da tiransifoma.

Maganin wannan ƙugi shi ne hambaka, wanda Seth Lover ya tsara wa Gibson a 1955, ya hau jitocin kamfanin a 1957. Naɗi biyu ne gefe da gefe, an saɓa musu hanyar wuta da fuskar maganaɗisu, sai ƙugin da ɗaya ya ɗauko ya kashe na ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya ƙaru. Na farko-farkon ana ce musu PAF, daga rubutun ɗan tambarin da ke manne a ƙasansu mai nuna an nemi rajistar fasahar. Muryar da yawancin mutane ke nufi in sun ce jitar jaz, irin ta Wes Montgomery a kan jitar L-5 ko ta Joe Pass a kan ES-175, daga wannan gida ta fito.

Akwai kuma fikof mai reto, wanda ba a huda fuskar jita domin sa. Ana maƙala shi a ƙarshen wuya ko a jikin farantin da ke kare fuskar jitar daga karce, don katakon ya ci gaba da amo yadda yake so. Rhythm Chief na kamfanin DeArmond da ƙaramin hambaka na samfurin Johnny Smith, wanda Gibson ya fitar a 1961, su ne sanannun misalai.

Sayen fikof daban a musanya da na asali ya zama ruwan dare ne a shekarun 1970, bayan kamfanin DiMarzio ya fitar da fikof ɗin Super Distortion da kafuwar kamfanin Seymour Duncan a 1976.

Gurbi kafin murya

Tambayar farko ita ce wane rami ne ke jikin jitar. Hambaka, P-90, ƙaramin hambaka, da siririn fikof na jitocin Stratocaster ko Telecaster kowanne da girmansa, kuma faɗaɗa rami aiki ne da ba a mai da shi baya, yana kuma karya darajar tsohuwar jita. Yanzu ba lallai a kai ga haka ba: ana ƙera P-90 cikin gidan hambaka, da hambaka mai girman naɗi ɗaya, da irin na Charlie Christian da aka daidaita wa Telecaster. Jita mai ƙundumen jiki, wato wadda ba ta da ramin ciki, ba ta hana kiɗan jaz. Ed Bickert ɗan Kanada ya yi shekaru da Telecaster, daga baya ya sa mata hambakan Gibson a wuya.

Jita mai kumburarriyar fuska ta sassaƙaƙƙen katako wadda ba a taɓa hudawa ba, mai reto ne ya dace da ita. Sai dai a auna tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi da fuskar, domin wasu jitocin ba su da sararin da zai shige.

Naɗi, maganaɗisu da murfi

A nan ne aka fi yin kuskure. Da yake muryar jaz tana da duhu da taushi, mutane sukan nemi fikof mafi duhu, wato mai naɗi da yawa. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfin wuta, amma yana saukar da inda fikof ya fi amsawa, wanda a yawancinsu yake tsakanin zagaye 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, sai kaifin sauti ya dusashe. Wannan ba ya damun mai kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya da amfilifaya a ƙure. Makaɗin jaz kuwa yakan danne sautuka huɗu ko biyar a tare, wasunsu makusantan juna ƙwarai, kuma yana so a ji kowanne daban. Fikof mai nauyin naɗi a wuya yakan cakuɗa su su zama dunƙule guda, musamman a tsirkiyoyi masu kauri. Kaifin da ya yi yawa ana iya rage shi da mamurɗin murya na jita ko na amfilifaya, amma wanda fikof bai ɗauko ba tun farko babu mamurɗin da zai dawo da shi. Don haka mai matsakaicin naɗi, wanda mita ke nuna turjiyarsa ga wuta tsakanin kilo-om 7 zuwa 8 in hambaka ne, ya fi zama zaɓi mai aminci.

Wannan lamba ta kilo-om da masu sayarwa ke rubutawa ba ma'aunin ƙarfi ba ce kai tsaye. Tsawon waya da sirantarta take nunawa. Waya mai lamba 43 ta fi mai lamba 42 siranta, saboda haka takan ba da turjiya mafi yawa ko da adadin naɗin ɗaya ne. Kwatanta lambobin yana da amfani ne kawai tsakanin fikof biyu masu ƙira ɗaya da waya ɗaya.

Maganaɗisun da aka saba da shi alniko ne, haɗin alminiyom da nikel da kobal da ƙarfe. Alniko 2 bai kai alniko 5 ƙarfin ja ba, kuma makaɗa sukan ce na 2 ya fi laushi, na 5 ya fi tsauri da fitar da kaifi. '57 Classic na Gibson da samfurin Seth Lover na Seymour Duncan alniko 2 gare su, '59 na Seymour Duncan kuma alniko 5. Bambancin yana nan, amma bai kai yadda talla ke kururuta shi ba. Suna ma yakan ruɗa mai saye: samfurin Seymour Duncan da ake kira Jazz murya mai haske da kaifi gare shi, kuma makaɗan rok sun yi ta amfani da shi.

Murfin ƙarfe yana ɗan rage kaifi, na tagulla ya fi na haɗin nikel ragewa. Akan kuma tsoma naɗi a narkakken kaki don kada ya yi rawa ya jawo kuwwa a lasifika. Wanda ba a tsoma ba, kamar PAF na asali, wasu na son sa saboda suna jin ya fi buɗewa, kuma ga mai kiɗa da ƙaramar murya ba ya cika kawo matsala.

Abin da ba laifin fikof ba

Sau da yawa ana sayen sabo alhali matsalar tana wani wuri. Tsirkiyoyi masu sumul ɗin naɗi, waɗanda siririyarsu ta fara daga inci 0.012 ko 0.013, suna canza murya fiye da yadda musanya hambaka da wani hambakan zai yi. Haka ma kaurin abin kaɗawa da inda hannu ke bugun tsirkiya. Wes Montgomery da babban yatsansa yake kaɗawa, kuma babban rabo na taushin muryarsa daga nan yake. Mamurɗan cikin jita su ma suna da hannu: al'ada ita ce kilo-om 500 ga hambaka, 250 ga mai naɗi ɗaya, kuma ƙaramar lamba tana daƙushe kaifi. Kafasita, 'yar na'urar da ke haɗe da mamurɗin murya, mai maikrofarad 0.047 ta fi mai 0.022 duhunta murya idan aka mai da mamurɗin muryar baya. Doguwar wayar amfilifaya ma tana cin kaifi.

Tsayin fikof shi ne gyaran da ba ya cin ko sisi. Ana danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato na ƙarshen siraran ƙarafan da ke jere a wuyan jita, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninta da fikof, sannan a ci gaba da gyarawa da kunne. Sauke gefen tsirkiyoyi masu kauri kaɗan yakan kawar da gunjin da ke cakuɗa sauti. Idan maganaɗisu mai ƙarfi ya matso da yawa, yakan ja tsirkiya har sautinta ya riƙa rawa ya mutu da wuri.

Sakawa

A jita mai ƙundumen jiki aikin bai wuce kwance sukurori da liƙa waya biyu ko uku da dalma ba. A mai ramin ciki irin ES-175 ko ES-335 babu ƙofa ta baya, dole a zaro mamurɗai ta hudar fuska a mai da su da zare ko siririn tiyo, kuma a nan ya fi kyau a bar wa gwani. Launin wayoyi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka taswirar maƙerin sabon fikof ɗin ake bi. Idan aka haɗa na wani kamfani da na asali da ke jaki, sai aka ji murya ta sirance ta koma ta hanci yayin da aka kunna su tare, to sun saɓa wa juna ne. A hambaka mai waya huɗu musanya wayoyin naɗi biyu ya wadatar. A mai waya ɗaya da saƙaƙƙiyar rigar ƙarfe sai an buɗe shi an juya maganaɗisun. Tsohon fikof kuma ana adana shi tare da sukurorinsa, domin mai sayen jita daga baya yakan tambayi kayanta na asali.