Kafin ka kwance injin kofi: wutar lantarki, tururi da bawul ɗin da ya toshe

Jama'a, injin haɗa kofi irin na Italiya, wanda ake kira esfireso, ya fara shiga gidajenmu. Wani sabo ya sayo, wani na gwanjo, wani kuma tsaraba ce daga ɗan'uwa da ke Amurka ko Turai. In ya tsaya, masu gyaransa ba su da yawa, sai mai shi ya ɗauki sukudireba ya ce bari ya duba da kansa. Ba na hana kowa gyaran kayansa. Amma mu da ke wankin ƙuna a asibiti mun san ɓarnar da tafasasshen ruwa ke yi wa fata, shi ya sa nake so mu tattauna kan wani ɗan ƙarfe da kan sa mutane su buɗe injin nan, wato bawul ɗin solinoyid, mai buɗe wa ruwa hanya da rufe ta.

Famfon injin yana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin garin kofi da matsi kusan bar 9, wajen ninki huɗu na iskar tayar ƙaramar mota ke nan. Ko ka kashe famfon, matsin yana nan sai an ba shi hanya. A injuna irin su Gaggia Classic da Rancilio Silvia, bawul mai hanya uku ne ke wannan aikin. Kwayil ne, wato siririyar waya, naɗe a kan wani ɗan bututu. Wuta ta shiga, ya zama maganaɗisu ya ja ɗan ƙarfen da ke ciki, ruwa ya wuce. Wuta ta yanke, sifirin ya mayar da ƙarfen, ragowar ruwan ya sauka tiren ƙasa. Ƙarar "ƙas" da kake ji lokacin kunnawa, tasa ce.

In ya lalace, ko dai famfo ya yi ta gurnani ruwa bai fito ta wajen kofi ba, ko ya riƙa ɗiga bayan an kashe. Wadda ta fi damuna ita ce toshewar hanyar fitar da matsi. Kana murɗa mariƙin kofin don ka cire, sai gari mai zafi ya fantsamo. Kai a hannu zai same ka. Yaron da ke tsaye gefen tebur yana kallo kuwa, fuskarsa ce daidai wurin.

Abin da ke toshe shi ba baƙo ba ne: farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi in ana dafa ruwan burtsatse mai nauyi. Kafar bawul ɗin 'yar mitsitsiya ce, ɓarɓashi ɗaya ya isa. Man kofi da ya daskare ma yana yi. Shi kuma kwayil ƙonewa yake yi, musamman in injin na Amurka ne da aka ƙera don wutar bolt 120, aka cusa shi a tamu ta 230 ba tare da taransifoma ba.

To, in ka ƙudurta gyarawa, fara da zare filogi daga soket. Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Hannunka na cikin injin za a iya dawo da ita, ko wani a gidan ya tayar da janareta bai san abin da kake ciki ba. Kashe maɓallin injin kaɗai bai wadatar ba, domin wayar da ta shigo daga bango tana nan da ranta har bakin maɓallin. Ajiye kan filogin inda idonka ke ganinsa.

Sannan ka bar shi ya huce sosai, awa guda ko fiye, don tukunyar da ke ciki tana wuce digiri 100 in an yi tururi. Buɗe makunnin tururin a hankali, bakinsa na kallon tire, har ya daina huci. Zubar da ruwan tanki. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire ko ɗaya. In kana da mitar gwajin lantarki, auna kwayil ɗin: in bai nuna komai ba ya ƙone, shi kaɗai za ka canza. In lafiyarsa ƙalau, kwance jikin bawul ɗin, ka kula da ƙananan zobban robar da ke ƙarƙashinsa, ka jiƙa ƙarfen a ruwan maganin wanke ɓawo na injin kofi, ka ɗauraye sosai. Kwayil ba ya shiga ruwa. Ruwan batir da asid ɗin wanke bayi kuwa, kada ma ka kusanto da su, ta nan abin da za ka sha zai bi.

Wajen sayen sabo, karanta abin da ke rubuce a jikin tsohon, yawan bolt da adadin hanyoyinsa, ko ka tafi da shi kasuwa. Sa sababbin zobban roba. Rufe murfin kafin ka mayar da filogi, ka gwada, ka sake zarewa, sannan ka duba ko yana yoyo. Filogi mai ƙafa uku kuma kada a karya ta ukun, ita ce ke kai wuta ƙasa in ta taɓa jikin ƙarfen. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, kuɗin mai gyaran lantarki ya fi masa sauƙi.

In tsautsayi ya gitta aka ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo kafin hannu ya kumbura. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko manja, kuma kada a fasa bororon. A lulluɓe da tsaftataccen ƙyalle. Ƙunar fuska, ido, tafin hannu ko gaɓa, da wadda ta fi faɗin tafin hannun mai ita, da kowace ƙuna a jikin ƙaramin yaro, asibiti za a nufa. Wanda wutar lantarki ta kama, a kashe ta daga babban makunni kafin a taɓa shi, kuma a kai shi a duba zuciyarsa ko da ya miƙe ya ce ba komai.