Ɗaura kariya a keken da ba shi da ramukan kusa

Kariya ita ce shimfiɗar ƙarfen da ke bayan sirdin keke, a saman tayar baya, inda ake ɗaure kaya. A tsofaffin kekuna irin su Raleigh na Ingila, Phoenix na Sin da Hero na Indiya, sa ta ba ya ba da wahala: ƙafafunta biyu suna shiga ƙarfen tsakiyar taya a matse su da noti, kanta kuma ya kama kusar da ke ƙarƙashin sirdi. Kekunan zamani kuwa ana yi musu ƙananan ramuka huɗu da ake murɗa kusa mai kaurin milimita 5 a ciki, biyu a ƙasa daf da tsakiyar taya, biyu a sama kusa da sirdi. Yawancin kekunan tsere da wasu na hawan tsauni ba su da waɗannan ramukan, domin ba don dako aka ƙera su ba. Irinsu suna da yawa cikin kekunan gwanjo.

Abin da ke iyakance nauyin da kariya za ta ɗauka shi ne wurin da aka kama ta, ba kaurin ƙarfenta kaɗai ba. Wadda aka ɗaura a ramukanta na asali takan ɗauki kimanin kilo 25, wato nauyin jarkar ruwa mai lita 25. Duk wata dabara da za a yi, tambayar ita ce: ina nauyin zai sauka?

Hanya mafi arha ita ce maƙala mai siffar harafin P, wato siririn ƙarfe da aka lulluɓe da roba, yana zagaye sandar firam, bakinsa biyu su haɗu a rami ɗaya da kusa za ta ratsa. Dole girmanta ya yi daidai da kaurin sandar. In ta ɗan yi yawa, masu gyaran keke sukan yanka tsohon tib su naɗa a ciki, wanda kuma yake hana fenti ƙujewa. A sama wannan maƙala tana aiki sosai, tunda aikin hannuwan kariya na sama kawai su hana ta rinjaya gaba ko baya. A ƙasa ne take da rauni: nauyi da gargadar hanya suna sa ta zamewa kaɗan-kaɗan, har wata rana a ji kariya tana gogar taya.

Shi ya sa ya fi kyau ƙafafun su zauna a kan ƙarfen tsakiyar taya. In tayar mai noti ce kuma ƙarfen yana da rarar tsawo, sai a bi tsarin tsofaffin kekuna. In kuwa mai sakata ce, wadda ake buɗewa da hannu, akwai sakata mai ƙarin tsawo da ke riƙe ƙafafun. Kamfanoni irin su Tubus na Jamus da Old Man Mountain na Amurka suna yin irin waɗannan kayan. Illar wannan hanya ɗaya ce, duk ranar da aka yi faci sai an kwance kariya kafin taya ta fita. A sama ana iya sauya zoben da ke matse sandar sirdi da wani mai ramukan kusa biyu.

Akwai kuma kariyar da ke kama sandar sirdi kaɗai, ba ƙafafu. Sa ta ba ya wuce minti biyar, amma yawancinsu kilo 10 ne iyakarsu, kuma sukan juya gefe in an faɗa rami. Ta ishi jakar makaranta ko cefane. Ba a ɗora mata yaro ko kaɗan.

Irin ƙarfen firam ma abin dubawa ne. Na baƙin ƙarfe, ƙwararren mai walda zai iya liƙa masa kunnuwan kusa, a shafa fenti saboda tsatsa. Na alminiyam ba a kai shi wurin walda, domin zafi yana kashe ƙwarin da aka ba shi a masana'anta, daga baya ya tsage a daidai wurin. Na kabon kuwa, wato firam ɗin da ba na ƙarfe ba ne, na zaren kabon ne da aka daskarar da gam, matsewar maƙala kaɗai tana iya fasa shi ta ciki ba tare da an gani ba.

Bayan an gama, ana duba cewa shimfiɗar ta kwanta daidai, ba ta taɓa birki ba, kuma diddigen mai tuƙi ba ya bugun kayan da ke rataye a gefe. Notuna sukan saki a kwanakin farko, don haka ana sake bin su da sifana bayan an ɗan yi tafiya da kaya.