Ɗura harsashin babbar bindiga ba tare da ma'aunin da aka gwada ba: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da ɗura harsashi da hannu?

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, maharbi kan tsince kwanson da ya harba, ya sake zuba masa albarushi, ya kafa sabon kai. Yawan albarushin da zai auna yana cikin littattafan kamfanoni, waɗanda aka gwada a ɗakin bincike.

To, me ke sa a rasa ma'aunin?

Wani harsashin tsoho ne da aka daina yi, wani kuma mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro abinsa. Jack Lott, wani maharbi ɗan Amurka wanda ɓauna ta ji wa ciwo a Mozambik a 1959, shi ya fito da harsashin .458 Lott a 1971, kuma harsashin ya daɗe a hannun ɗaiɗaikun maƙera kafin a yi masa ƙa'ida.

Ba za a iya kintata ba, yadda ake ɗura bindigar toka?

Ko kusa! Albarushin zamani marar hayaƙi ba ya yafe kuskure. Ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, ta ƙayyade wa harsashin .375 H&H iyakar matsin fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali iskar tayar mota ba ta cika wuce 35 ba, kuma duk wannan ƙarfi dab da idon maharbi yake tashi. Ƙarin albarushi kaɗan kan sa matsin ya yi tsalle. Ragewa da yawa ma ba tsira ba ce, don albarushi mai jinkirin ci cikin ƙaton kwanso yana iya kamawa a makare. Ga kuma zafin rana: shi ya sa aka yi wa harsashin .416 Rigby na 1911 faffaɗan kwanso da sassauƙan matsi, saboda albarushin wancan zamani kan ƙara ƙarfi a zafin Afirka.

Kwanso ba ya nuna alama?

Yana nunawa: gindinsa ya baje, ko sakatar bindiga ta cije wajen buɗewa. Sai dai sau da yawa kafin a ga haka an riga an wuce iyaka. Manhajar kwamfuta irin QuickLOAD ma kintace take yi.

Mece ce mafita?

A tuntuɓi kamfanin albarushin, ko a kai wa ɗakin gwaji mai na'urar auna matsi. A ganina wanda bai sami ɗayan biyun ba ya haƙura. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gida.