Gem ya gundure ni: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ina riƙe da ɗakin gem a unguwar Zariya a nan Maradi, kuma tambayoyin nan su ake ta jefo mini, a shago, a fada, har da tsakar dare a WhatsApp. Ga su na tara wuri ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Na daina jin daɗin Free Fire, amma kullum sai na shiga. Lafiyata ƙalau kuwa?

Ƙalau kake, ƙanena. Gajiya ce, kuma da gangan aka gina abin haka.

Da gangan kamar yaya?

Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. A cikinsu wanne ka biya ko dala kafin ka sauke? Babu. To da me kamfanin yake ci? Da dawowarka. Shi ya sa akwai ladan shiga na kullum, da ayyukan da za su ɓace in gari ya waye, da tikitin lada na kuɗi mai wa'adi, wato Booyah Pass ko Royale Pass, da matsayin da ake sauke maka in kakar wasa ta ƙare don ka sake hawa daga ƙasa. Ka zama ɗan ƙwadago mai sa hannu a rajista kowace safiya, sai dai kai ne ke biyan ubangidan. Ina ganin yara a nan, fuska a murtuke, babban yatsa na tafiya, ka ce su zo a buga ƙwallo a talabijin su ce sai sun gama aikin yau. Aiki fa suke ce masa da bakinsu.

Rezo ne ke kashe ni, ba rashin iyawa ba. Yaya zan yi?

Manyan na'urorin wasan ba a Nijar suke ba, harsashinka sai ya yi doguwar tafiya kafin ya isa. Ba ni da maganin wannan. Sauya forfe ba zai matso da su kusa ba, ka daina tambayata.

Na zuba kuɗi da yawa a asusuna. In sayar da shi in huta?

Wannan ita ce tambayar da ba na son a matsa mini in ce e ko a'a. Da farko, asusun ba naka ba ne yadda babur ɗinka yake naka. Sharuɗɗan da ka danna ka amince ba tare da ka karanta ba sun hana saye da sayar da asusu, kuma kamfani na da ikon rufe shi in ya gane. Ba ko da yaushe suke ganewa ba, gaskiya ne, mutane na ta cinikin nan. Amma in an rufe bayan ka karɓi kuɗin mutum, ƙofar gidanku zai zo, ba Singafo inda kamfanin Free Fire yake ba.

Sai batun farashi. In ka kashe jika ɗari a dayamon ko UC, kuɗin cikin gem, kada ka sa ran ko rabi. Kayan da ka yi ta alfahari da su bara, bana an fitar da sabbi. Wataƙila in kana da tsohon kayan da ba a sake kawo shi ba, a taya da ɗan dama-dama, wataƙila kuma a'a.

Inda aka fi jin ciwo shi ne abin da asusun ke ɗaure da shi. Yawancinku da Facebook ko Gmail kuka buɗe. Mai saye zai ce ka ba shi imel da lambar sirri, kai kuma a ciki hotunan gidanku suke, da lambobin mutane, da saƙonnin da ba ka so kowa ya gani. Wasu wasannin suna barin a kwance a ɗaura wani, wasu sai an jira kwanaki, kuma tsarin yana sauyawa, saboda haka ka duba naka kafin ka yi wa kowa alkawari. Shi ma mai sayen yana cikin haɗari, don mai asusu na farko yana iya ƙwato abinsa ta lambar wayarsa. Wani yaro da ke zuwa nan ya tura lambar sirri ga wani da ya ce yana Katsina, aka aiko masa hoton shaidar an tura kuɗi, ya je wajen mai cire kuɗi ya tarar babu ko dala. Kafin ya dawo shago an sauya komai.

In dai ka nace, to ido da ido, da wanda ka san gidansu, a gaban shaida, kuɗi a hannu. Ko hakan ban ce ya halatta a tsarin kamfani ba, kuma kada ka sa ni a tsakiya. Ni da zan zaɓa maka, ka goge gem ɗin daga waya ka bar asusun yadda yake. Yawanci ba ya ɓacewa don ka yi ɗan hutu. Kuɗin kuwa sun riga sun tafi, ko ka ci gaba da bugawa ko ka daina.

Akwatin sa'a da juya ƙafa, caca ne?

Ka ba da kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. Beljiyam ta ɗauke shi caca tun 2018, har EA, kamfanin gem ɗin ƙwallo na FIFA, ta daina sayar da FIFA Points, kuɗin cikin gem ɗin, a can a farkon 2019. Hukuncin addini kuwa, je ka wajen malami, ni mai ɗakin gem ne.

Gem na da bai fi na yanzu daɗi ba?

Rabi da rabi. Lokacin PS2, da PES 6 da San Andreas, in ka sayi faifai ka gama biya, kuma ba wanda zai kashe maka shi daga nesa. Yanzu fa? Apex Legends Mobile ya fito a Mayun 2022, aka rufe shi a Mayun 2023. Kamfanin Ubisoft ya kashe gem ɗinsa The Crew a Maris 2024, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka tashi a tutar babu. Amma kada ka yaudari kanka, lokacin nan ba ka neman na cefane, kuma abokin karawarka yana zaune a gefenka a kan benci, manet a hannu, in kuran ya ɗauke a fita waje a ci gaba da gardama. Wani abin da kake kewa shekarunka ne.

Ɗana ba ya barci, ya bar zuwa lakwal. Aljanu ne?

Hajiya, ku kwantar da hankalinku. Yawancin yaran da ke buga gem ba su da wata cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture komai na rayuwarsa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, kuma galibi abin ya kai wata 12. Barin lakwal ba ƙaramin abu ba ne, ku kai shi a duba shi, don wani lokaci wata damuwa ce ta daban yake ɓoyewa a bayan waya. Kada ku fasa wayar. Ku karɓe ta bayan isha'i ta kwana a ɗakinku. Sin ma da ta ƙayyade wa ƴan ƙasa da shekara 18 awa uku a mako a 2021, da lokaci ta yi yaƙin.

A gurup ɗinmu zagi ya yi yawa, har iyaye ake sakowa.

Fita. Wanda ya zagi mahaifiyarka don ka mutu da wuri a filin Bermuda na Free Fire ba abokinka ba ne. Ku huɗu da kuka san juna kun isa ƙungiya.

In na huta wata guda, matsayina zai sauka?

Zai sauka. Ko ba ka huta ba ma za su sauke shi a ƙarshen kaka.