Hanyoyin mota da faɗaɗar garuruwa a Jihar Kebbi

Hanyoyin mota na Jihar Kebbi kashi uku ne, kamar na sauran jihohin Najeriya: na gwamnatin tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi 21. Tun da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, inda kwalta ta bi nan gidaje ke bi.

Uwar hanyoyin ita ce A1, wadda ta taso daga Legas ta ratso Kwantagora, ta shigo ta Yawuri da Koko da Jega, ta wuce Tambuwal zuwa Sakkwato. Ba ta shiga Birnin Kebbi ba. Daga Jega ake ratsewa a bi ta Kalgo kafin a kai hedikwatar jihar, kuma wannan mararraba tana cikin abin da ya raya kasuwar Jega. Wata hanyar ta haɗa Birnin Kebbi da Argungu ta Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake.

Gyaran hanyoyin tarayya yana hannun Ma'aikatar Ayyuka, cike ramuka kuwa na FERMA ne, hukumar kula da hanyoyin tarayya da aka kafa a 2002. Daga 2017 gwamnatin tarayya ta fara tara kuɗin hanyoyi ta Sukuk, takardun lamuni marasa kuɗin ruwa, da naira biliyan 100 a karon farko. Aiki mafi girma a yanzu shi ne hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai kilomita 1,068, wadda aka yi tunaninta tun zamanin Shehu Shagari amma sai a 2024 aka fara ta. Kilomita 258 daga ciki a Kebbi suke, kuma da kankare ake shimfiɗa ta.

A Birnin Kebbi ne aka fi ganin yadda hanya ke jan gari. Fadama ta tare birnin ta ɓangaren gulbi, don haka sabon gini sai ya nufi tudu, ya bi tituna. Rukunin gidajen Gesse da na Gwadangaji sun samar wa ma'aikata matsuguni, Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 kuma ta ja gine-gine zuwa wajen Kalgo. Da zarar gireda ta share hanya, dillalan fili sun iso. Gonar gero ta koma fuloti, a kafa mata turaku, mai buga bulo ya kafa injinsa a bakin titi, mai shayi ya biyo baya da tebur. Sau da yawa kafin a kawo famfo ko wutar lantarki unguwa ta riga ta cika.

Nan ne ake yawan samun ƙorafi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, diyyar da ake biya kuma ta amfanin gona ce da gini, ba ta darajar ƙasar ba. Manomin da hanya ta cinye gonarsa yakan karɓi kaɗan, maƙwabcinsa da ta wuce ta gefen tasa ya sayar da tsada. Wannan rashin daidaito ya cancanci gyara.

Hanya kuma ita ke fitar da shinkafa, wadda a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manomanta bashi a 2015, zuwa injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi, ta kai albasar Aliero kudu.

Babban abokin gabarta ruwa ne. Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa, ta karya gadoji, ta yanke ƙauyuka daga kasuwa. A ƙasar fadama, titin da ba a ɗaga shi ba, ba a kuma yi masa manyan kwalbatoci ba, damina biyu ko uku ta ishe shi.