Shaye-shaye a Al'adar Wasan Sululu da Katako Mai Tayoyi

Wasan sululu a kan katako mai tayoyi huɗu ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, a hannun masu hawan igiyar ruwan teku da ke neman abin yi a kan tudu idan teku ya lafa. Shekaru da dama ana kallon giya, tabar wiwi da miyagun ƙwayoyi a matsayin wani ɓangare na rayuwar masu wannan wasa, har ana alfahari da su a mujallu da faya-fayen bidiyo. Daga farkon shekarun 2000 wannan kallo ya fara sauyawa, kuma sauyin ya faro ne daga cikin gida, daga mutanen da suka fi kowa nutsewa a cikin shaye-shayen, tun kafin manyan kamfanoni da gasar Olamfik su shigo da dokokinsu.

Yadda shaye-shaye ya samu gindin zama

Wasan ya tashi ne ba tare da mai horarwa ko alƙalin wasa ba. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da fari ya sa aka bar kududdufan ninkaya na gidaje a bushe a Kalifoniya, samarin ƙungiyar Zephyr na unguwannin Venice da Santa Monica suka riƙa tsallaka katangun mutane suna wasa a cikin waɗannan ramuka na siminti, suna tserewa idan 'yan sanda sun iso. Wannan hali na bijirewa hukuma ya zama tambarin wasan. Mujallar Thrasher, wadda aka kafa a San Faransisko a 1981, ta haɗa shi da kiɗan fank (punk) mai tsananin hayaniya, ta kuma ɗaukaka ɗan wasan da bai damu da lafiyarsa ko gobensa ba.

Yanayin sana'ar ma ya taimaka. Yaro ɗan shekara 15 ko 16 yana iya samun kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, ya bar makaranta, ya shiga mota da manyansa ana zagaya garuruwa na makonni, ga kuɗi a aljihu, ba iyaye a kusa, ba lokacin tashi aiki. Ga kuma raunuka, domin wanda ke tsallake matakalar bene ko zamewa a kan ƙarfen dafawa ba ya rabuwa da targaɗe da karaya, kuma maganin kashe zafi da likita ya rubuta ya zama ƙofar jaraba ga wasu. Duk da haka, ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Tun a farkon shekarun 1980 akwai matasan birnin Washinton masu kiɗan fank, wasunsu 'yan sululu, da suka ƙaurace wa giya da ƙwaya baki ɗaya, suna zana alamar X a bayan hannu domin a san matsayinsu.

Asarar da aka yi

Christian Hosoi, wanda a shekarun 1980 shi ne babban abokin hamayyar shahararren ɗan wasa Tony Hawk, an kama shi a filin jirgin saman Honolulu a watan Janairun 2000 ɗauke da fiye da rabin kilo na muguwar ƙwayar metamfetamin. Ya fito daga kurkuku a 2004, daga baya ya zama fasto. Jay Adams na ƙungiyar Zephyr ya sha shiga gidan yari saboda ƙwaya kafin rasuwarsa a Meziko a 2014. Harold Hunter na birnin New York ya mutu a 2006 sakamakon bugun zuciya mai alaƙa da hodar iblis.

Abin da ya fi girgiza 'yan wasan shi ne makomar gungun abokai da ake kira Piss Drunx, waɗanda suka zauna tare a Huntington Beach a ƙarshen shekarun 1990. A cikinsu akwai Andrew Reynolds, Jim Greco, Erik Ellington, Dustin Dollin da Ali Boulala ɗan ƙasar Suwidin. Faya-fayen bidiyonsu sun cakuɗa gwanintar wasa da hotunan buguwa, amai da fashe-fashen kwalabe, kuma yara a ƙasashe da dama suka kwaikwayi shigarsu da halinsu. A watan Maris na 2007, a birnin Melbon na Ostareliya, Boulala ya hau babur cikin maye, ya goya abokinsa Shane Cross, ɗan shekara 20, suka yi karo da bango. Cross ya mutu, Boulala ya daɗe a sume, sannan kotu ta ɗaure shi. Bayan wannan haɗari, da wuya wani mai hankali ya kalli waɗancan faya-faye da idon da ya kalle su a da.

Juyawar ra'ayi

Reynolds, wanda ya kafa kamfanin katakon sululu na Baker a 2000, ya daina sha tun a farkon shekarun 2000, Greco ma ya rabu da muguwar ƙwayar hiroyin a wannan tsakani, Ellington ya biyo baya. Muhimmancin tubansu shi ne babu wanda zai ce musu matsorata ko 'yan koren hukuma, tunda su ne suka kafa tutar buguwar da kansu. Sun kuma nuna cewa wasan ba ya lalacewa idan aka bar kwalba, domin Reynolds ya fitar da ɗaya daga cikin bidiyoyin wasansa mafi daraja a 2010 yana ɗan shekara 32, shekarun da a da ake ganin ɗan wasa ya gama yayinsa. Guy Mariano, wanda ƙwaya ta ɓatar da shi na tsawon shekaru, ya dawo fage a 2007, shi kuwa Anthony Van Engelen ya zama gwarzon shekara na Thrasher a 2015 bayan ya daina shaye-shaye.

Daga nan magana ta fito fili. 'Yan wasa suka fara bayyana a hira cewa suna zuwa zaman taimakon juna na masu neman barin giya, abin da a da ake ɓoyewa don kunya. Brandon Novak na Baltimore, wanda hiroyin ta kai shi kwana a titi, ya daina a 2015 ya koma aikin taimaka wa masu irin matsalarsa. Shekarar 2019 ta ƙara buɗe idon jama'a: Jake Phelps, editan Thrasher na tsawon shekaru, ya mutu sakamakon fentanil, wani maganin kashe zafi mai tsananin ƙarfi, sannan Ben Raemers ɗan Ingila ya kashe kansa, aka kafa gidauniya da sunansa domin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan wasa. Wannan ya sa aka fara haɗa batun shaye-shaye da na damuwa da kaɗaici, maimakon a ɗauke shi rashin tarbiyya kawai.

Olamfik da abin da ya rage

A 2016 kwamitin Olamfik ya amince da shigar da wasan cikin gasar Tokiyo, wadda aka yi a 2021, kuma hakan ya kawo gwajin fitsari na WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni. An dakatar da Cory Juneau na Amurka na wasu watanni bayan an samu sinadarin wiwi a jikinsa a wata gasa a Birazil a 2018, daga baya ya ci tagulla a Tokiyo. A gasar mata ta salon titi, Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare, Rayssa Leal ta Birazil ta ci azurfa, dukansu suna da shekara 13, kuma wasan da yara ƙanana ke lashewa a gaban iyayensu ba zai ci gaba da tallar buguwa kamar da ba.

Sauyin bai kai ga kowa ba. Masu wasan titi da yawa ba su da ruwa da gasa, don haka gwajin bai shafe su ba. Giya na nan a wuraren bukukuwa, har wasu fitattun 'yan wasa, ciki har da Paul Rodriguez da Mikey Taylor, suka shiga kafa kamfanin giya na Saint Archer, wanda babban kamfanin giya na MillerCoors ya saya a 2015. Tabar wiwi kuwa ta ƙara samun karɓuwa tun da Kalifoniya ta halatta ta ga manya a 2016, kuma 'yan wasa da dama da suka bar giya da ƙwaya mai ƙarfi suna ci gaba da shanta, lamarin da har yanzu ake muhawara a kansa tsakanin waɗanda suka daina komai da waɗanda suka rage.